Suna linzami ne: kafin ka raɗa wa manhajarka suna

 A ƙasar Hausa in aka yi haihuwa ba a gaggawar suna. Kwana bakwai ake ɗauka, uba ya yi shawara da magabata, a raba goro, a tanadi rago, sa'an nan ran suna da sassafe liman ya raɗa, sanƙira ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a. Ana yin wannan hidima ne sabili da an san abin da aka faɗa a wannan safiya zai bi mutum har kushewa. To, abin mamaki shi ne samarinmu da ke kwana gaban kwamfuta suna rubuta manhaja, wadda masu jin Faransanci ke kira lojisiyel, sukan share wata shida suna wahala a kan aikin, amma in aka zo ga suna sai su zaɓe shi cikin minti biyar a bakin tukunyar shayi.

Kwanan baya wani ƙanena, ɗalibi a Yamai, ya nuna mini wata ƴar manhaja da suka rubuta shi da abokansa domin taimaka wa masu kanti su riƙa rubuta bashi a cikin wayar salula maimakon littafi. Aikin ya yi kyau, kuma niyyarsu su sake shi ga duniya, kowa ya ɗauka ya ƙara abin da ya ga dama. Sai dai sunan da suka ba shi sunan wani babban kamfani ne na waje, harafi ɗaya kawai suka sauya. Da na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce: «Haba yaya, ai kyauta za mu bayar. Wa zai kai ƙarar mai kyauta?» Wannan tambaya tasa ita ce dalilin rubutunmu na wannan mako, domin mutanen da suka fi shi ilimi da ƙarfi sun yi irin wannan zato, kuma sun sha wuya.

Abin da lasisi ya bayar da abin da ya riƙe

Kowace manhaja tana da rubutun asali, wato jerin umurnin da marubucinta ya tsara domin kwamfuta ta bi. Kamfanoni da yawa suna ɓoye wannan rubutu kamar yadda mai maganin gargajiya ke ɓoye sirrin haɗinsa. Wasu mutane kuwa suna shimfiɗa nasu a fili, su haɗa shi da takardar izini, wato lasisi, wadda ta yarje wa kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu, har ma ya sayar. Irin wannan ce ake kira manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Lasisin da ya fi suna a wannan fage shi ne GPL, wanda Ba'amurke Richard Stallman ya fitar a 1989. Da yawa daga cikinmu muna amfani da irin waɗannan manhajoji ba mu sani ba: VLC da ake kallon fim da ita, Firefox da ake shiga intanet da ita, LibreOffice da ake rubuta takardu da ita, duka ƴan gida ɗaya ne.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne a nan. Dokar da ke kare rubutu daban take da dokar da ke kare suna. Ta farko ita ce haƙƙin mawallafi, wanda mawaƙa da marubutan ƙasarmu suka sani ta hanyar hukumar BNDA. Ta biyu ita ce dokar alamar kasuwanci, wato sunan kaya da tambarinsa. Manufar wannan ta biyu ita ce kada a ruɗa mai saye. Uwargida in ta shiga kasuwar Maraɗi sayen atamfa, takan juya bakin turmin ta karanta abin da aka buga a gefe kafin ta ciro kuɗi. Mai sayen raƙumi a kasuwar dabbobi yakan duba shaidar wutar da ke jikinsa domin ya san daga garken wa ya fito. Lasisin manhaja mai buɗaɗɗen tushe yana sakin rubutu ne, bai taɓa suna ba. Lasisin Apache na 2004 ma ya faɗi haka ɓaro-ɓaro a sashensa na 6, inda ya bayyana cewa izinin da aka bayar bai haɗa da sunaye da tambura ba. An ba ka raƙumin ke nan ka hau, ka yi kiwo, ka sayar in ka so, amma ƙarfen da ake ɗora shaida da shi yana nan hannun mai shi.

Haka kuma bayar da abu kyauta ba garkuwa ba ce. Abin da ake dubawa shi ne ko jama'a za su iya zaton kayanka daga wurin wancan kamfani suka fito. Sau da yawa ma ba a zuwa gaban alƙali. Wasiƙa guda daga ofishin lauya ta isa, domin samari biyar masu aikin sa-kai ba su da kuɗin da za su ja da kamfanin da ke biyan lauyoyi albashi kowane wata.

Waɗanda suka taka sawun ɓarawo

Mu ɗauki Firefox. A watan Satumba na 2002 ƙungiyar Mozilla, a Amurka, ta fitar da sabuwar manhajar shiga intanet da sunan Phoenix, wato tsuntsun nan na tatsuniyar Turawa da ke tasowa daga cikin tokarsa. Sai wani kamfani mai suna Phoenix Technologies, wanda ya daɗe yana yin manhajar da ke tayar da kwamfuta in an kunna ta, ya ce sunansa ne. A watan Afrilu na 2003 aka sauya zuwa Firebird. Nan take wasu suka yi ca, domin akwai wata manhajar ajiyar bayanai, ita ma mai buɗaɗɗen tushe, wadda ta riga ta ɗauki wannan suna tun 2000. Wannan karon rigimar ta cikin gida ce, tsakanin ƴan'uwa masu aƙida ɗaya, kuma ta fi ta farko ɗaci. Sai a watan Fabrairu na 2004 aka tsaya a kan Firefox, bayan an yi binciken da ya kamata a yi tun farko. Suna uku ke nan cikin wata 17.

A Faransa ma an gani. A 1998 wani saurayi, Gaël Duval, ya haɗa wani nau'in Linux mai sauƙin amfani ya kira shi Mandrake. Waɗanda suka yi lekol da lise a zamanin littattafan zane sun tuna Mandrake mai sihiri, da baƙar hularsa da alkyabbarsa, wanda aka ƙirƙira a Amurka tun 1934. Kamfanin Hearst, mai haƙƙin wannan jarumi, ya shigar da ƙara, kuma a farkon 2004 labari ya bazu cewa kotu a Faransa ta ba shi gaskiya. A 2005, bayan kamfanin Mandrake ya sayi Conectiva na ƙasar Barazil, sai aka haɗa sunayen biyu aka sami Mandriva. Shekara bakwai ana gina suna, aka wayi gari dole a koya wa jama'a wani.

Wanda ya fi ban dariya da ban tausayi shi ne na wani Bajamushe, Werner Heuser, wanda ya buɗe shafin intanet domin koya wa mutane yadda ake sa Linux a kwamfutar tafi-da-gidanka. Ya kira shafin Mobilix, ya haɗa kalmar da ke nufin tafiya da ƙarshen kalmar Unix. Gidan ɗab'in Albert René, masu Asterix da Obelix, suka ce Mobilix ya yi kusa da Obelix a kunne. Aka je kotu a Jamus, kuma a 2003 shafin ya koma TuxMobil. Mutumin nan bai sayar da littafin zane ba, bai kuma yi niyyar kwaikwayon kowa ba, amma kamar amo kawai ta ja masa shari'a.

Manhajar hira da ake kira Gaim ita ma ta yi shekaru tana jan-in-ja da kamfanin AOL, sabili da sunanta ya ƙunshi AIM, sunan manhajar hirar kamfanin. A watan Afrilu na 2007 suka haƙura suka koma Pidgin, wato sunan gaurayayyen harshen nan da duk wanda ya yi fatauci zuwa Legas ya ji a tasha.

Wani zai ce ai akwai wanda ya sauya harafi ɗaya ya ci riba. Gaskiya ne. A 2001 Michael Robertson ya fito da Lindows, Microsoft mai Windows ya kai ƙara, aka yi ta fafatawa a Amurka da Turai, har a 2004 suka sasanta: Microsoft ya biya dalar Amurka miliyon 20, Lindows ya koma Linspire. Sai dai a lura da abu biyu. Robertson attajiri ne tun kafin rigimar, yana da abin biyan lauyoyi shekara biyu da rabi. Kuma duk da kuɗin da ya karɓa, sunan dai ya bar shi. Ɗalibin da ke jiran kuɗin tallafin karatu ba zai kwatanta kansa da shi ba.

Waɗanda suka raɗa suna wani ya ɗauke

Haɗari na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Kana iya zaɓen suna mai tsabta wanda babu mai shi, amma ka bar shi a fili babu mai tsaro. Abin da ya sami Linux kansa ke nan. Linus Torvalds ya fara aikin a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, babban birnin Finlan, kuma bai yi tunanin rajista ba. A 1994 wani mutum a birnin Boston na Amurka, William Della Croce, wanda bai rubuta ko layi ɗaya na manhajar ba, ya nemi rajistar kalmar Linux da sunansa, aka kuma ba shi. A 1996 ya fara aika wa kamfanoni da masu buga littattafai wasiƙu yana neman kaso daga cinikinsu. Sai da aka haɗa kai aka ɗauki lauyoyi, kafin a 1997 a sasanta a miƙa alamar ga Torvalds, wanda ke riƙe da ita har yanzu.

Wani lokacin kuma mai sunan uban gidanka ne. Gerald Combs ya fitar da Ethereal a 1998, manhajar da injiniyoyi ke duba zirga-zirgar bayanai a cikin layukan sadarwa da ita. A 2006 ya sami aiki a wani kamfani. Da ya tashi tafiya, rubutun manhajar bai zama matsala ba, tun da lasisin GPL ya ba shi damar ɗauka. Amma alamar kasuwancin tana hannun kamfanin da ya bari. Dole ya sake suna, aka sami Wireshark.

Haka ta faru da Hudson, manhajar da Kohsuke Kawaguchi ya rubuta lokacin yana aiki a kamfanin Sun. A watan Janairu na 2010 kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun da duk abin da ya mallaka, daga bisani ya nuna cewa sunan Hudson nasa ne. Masu aikin sa-kai suka ga ba za su ci gaba da noma a gonar da ba su da tabbacin iyakarta ba. A watan Janairu na 2011 suka kaɗa ƙuri'a, 214 suka goyi bayan sauya suna, 14 suka ƙi, manhajar ta koma Jenkins. Jama'a suka bi masu aikin, Hudson kuwa ya dushe. Sayen Sun ɗin nan shi ne kuma ya haifi LibreOffice: a watan Satumba na 2010 wasu masu aikin OpenOffice.org suka ɓalle suka kafa gidauniyarsu, kuma tun da sunan yana hannun Oracle, sai suka ɗauki sabo. Shi kansa wutsiyar nan ta «.org» da ke jikin tsohon sunan an liƙa ta ne tun asali sabili da wasu sun riga sun mallaki kalmar OpenOffice a wasu ƙasashe.

Darasin waɗannan labarai guda ne. Ana iya kwashe rubutu a ƙaura da shi dare ɗaya, amma suna ba ya ƙaura sai da yardar wanda takarda ta ce nasa ne. Kuma sunan shi ne abin da jama'a suka haddace, shi suke bugawa in suna nema, shi ke rubuce a littattafai da takardun koyarwa.

A yi wa masu alama adalci

Kada mai karatu ya ɗauka duk mai kare sunansa azzalumi ne. Tun da kowa yana iya kwafar manhaja mai buɗaɗɗen tushe ya gyara, to mugu ma yana iya cusa mata abin satar bayanai ya raba ta da sunan ta asali. Abin da zai hana shi a gaban doka shi ne alamar kasuwanci. Wannan ne ya sa Mozilla, wadda ta sha wuyar suna har sau biyu, ta tsaurara sharuɗɗa a kan nata. A 2006 ta sami saɓani da ƙungiyar Debian, masu haɗa wani nau'in Linux, a kan tambarin Firefox da gyare-gyaren da Debian ke yi wa manhajar. Debian ta ci gaba da raba manhajar amma da sunan Iceweasel, har shekara goma, sai a 2016 aka daidaita sunan Firefox ya dawo. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma abin ya nuna cewa wanda yau yake kukan an hana shi suna, gobe shi ne zai hana wani.

Rigimar suna kuma ba ta tsayawa kan masu ita. A watan Maris na 2016 wani marubucin manhaja, Azer Koçulu, yana da wani ƙaramin aiki mai suna kik a rumbun npm, inda masu rubutu da harshen JavaScript ke ajiye guntayen manhaja domin amfanin kowa. Kamfanin Kik na Kanada, mai manhajar aika saƙo, ya nemi sunan, masu rumbun suka ba kamfanin. Cikin fushi mutumin ya janye ayyukansa fiye da 250 gaba ɗaya. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda dubban manhajoji suka dogara da shi ba tare da masu su sun lura ba. Aiki ya tsaya cik a wurare da yawa na duniya, sai da masu rumbun suka maido da guntun da kansu. Harafi uku ne suka jawo wannan.

Mu a nan, ina muka tsaya?

Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, mai kula da mallakar fasaha, wadda ke da mazauni a Yawunde ta Kamaru, kuma yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce ginshiƙinta. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Cadi, Kamaru, Benin, Burkina Faso, Mali da Senegal. Rajista guda tana aiki a dukansu, tana ɗaukar shekara goma, ana kuma sabunta ta. Kowace ƙasa tana da ofishin hulɗa da ake bi ta kansa, namu yana Yamai. Abu mafi muhimmanci da ya kamata saurayi ya riƙe shi ne, a tsarin OAPI alama ta wanda ya fara ajiye takardar nema ce. Kowa ya riga ka kwana zai riga ka tashi. A Amurka daɗewa ana amfani da suna tana ba mutum wani haƙƙi ko bai yi rajista ba, amma a nan takarda ce kan gaba.

Abu na biyu, Najeriya ba ta cikin OAPI, haka ma Gana. Rajistar Yawunde tana tsayawa ne a kan iyaka, ba ta isa Katsina ko Kano ba. Ga manhajar da aka rubuta da Hausa, wadda mafi yawan masu amfani da ita za su kasance a kudancin iyaka, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne.

Mutanen jihar Tawa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan darajar suna. A ƙarshen shekarun 2000 an yi ta ce-ce-ku-ce lokacin da wani kamfanin irin shuka na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi kariya a kan irin albasa da sunan Violet de Galmi. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, har kamfanin ya bar sunan. Albasar tana nan a gona ba wanda ya tumɓuke ta, sunanta ne aka so ɗauka, kuma kowa ya gane cewa wanda ya riƙe sunan ya riƙe kasuwa. Manhaja ma haka take.

Abin da za a yi kafin ranar suna

Da farko, a guje wa jingina da sunan wani. Sauya harafi, ƙara kalma a gaba ko a baya, ko kwaikwayon launi da zanen tambari, duka suna cikin abin da doka ke hanawa in zai ruɗa jama'a. In manhajarka tana aiki tare da ta wani kamfani, kana iya faɗin haka a cikin bayani, domin gaskiya ce, amma kada sunansa ya shiga cikin naka. A 2023, da wasu suka ɓalle daga manhajar Terraform, sun fara kiran aikinsu OpenTF, amma cikin ƴan makonni suka mayar da shi OpenTofu tun kafin a kai ga rigima. Gemun ɗan'uwa suka gani ya kama da wuta.

Na biyu, a guje wa sunan da bayanin aiki ne kawai. In ka kira manhajar rubuta bashi «Littafin Bashi», ba za a ba ka ikon hana wasu amfani da waɗannan kalmomi ba, domin na kowa ne. Sunan da ya fi ƙarfi a doka shi ne ƙirƙirarre, ko kalmar da ba ta da alaƙa da kayan, kamar yadda tuffa ba ta da alaƙa da kwamfuta amma Apple ya zama suna. A nan harsunanmu taska ne, domin kalmomin Turanci da Faransanci masu daɗin faɗi an riga an wawashe mafi yawansu. Ubuntu, wanda ya fito a 2004, kalma ce ta Zulu da Xhosa ta kudancin Afirka. Ushahidi, wanda aka rubuta a Kenya a 2008 bayan rikicin zaɓe, kalmar Suwahili ce mai nufin shaida. Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci ba su gaza su ba. Sai dai a kula da haruffa masu ƙugiya: in sunan yana da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, mutane da yawa za su buga shi ba ƙugiya, kuma kalmar tana iya juyewa ta koma wata ma'ana da ba ka so. A kuma tambayi masu jin wasu harsuna ko sunan ba zagi ba ne a wurinsu.

Na uku, a yi bincike kafin a sanar. A buga sunan a injin neman bayanai na intanet, a gwada shi da rubutu iri-iri da duk abin da ya yi kama da shi a kunne. A duba rumbunan manhajoji irin su GitHub da npm, da shagunan manhajar waya. A duba rumbun alamomi na hukumar OMPI ta Janeba, wanda kowa ke iya shiga kyauta, da mujallar da OAPI ke buga sababbin alamomi a ciki. Ana rarraba alamomi ne aji-aji bisa tsarin yarjejeniyar Nice ta 1957, aji 45 ne, kuma manhaja tana faɗawa a aji na 9 da na 42. Suna ɗaya yana iya zama na mai sabulu da na mai manhaja ba rigima, sai fa in sunan ya shahara ƙwarai, kamar yadda labarin Obelix ya nuna. Kuma ko da wata manhaja ba ta yi rajista ba, in ta riga ka ɗaukar suna a bar mata, domin abin da ya faru da Firebird kunya ce tun kafin ya zama shari'a.

Na huɗu, a zauna a rubuta wane ne mai sunan tun ana dariya da juna. In abokai huɗu ne, ranar da ɗaya ya yi fushi ya tafi, wa zai riƙe sunan da adireshin intanet? In ɗayansu ma'aikacin wani kamfani ne, ko aikin an fara shi da kayan makaranta, me takardar aiki ta ce? Manyan ayyuka da yawa suna damƙa sunansu ga gidauniya ko ƙungiya domin kada ya zama na mutum ɗaya. Ƙaramar ƙungiya mai rajista tana iya yin wannan aiki a nan gida. Rajistar alama tana cin kuɗi, kuma ba kowane aikin ɗalibi ne zai iya ɗaukarta ran farko ba, amma ranar da aka ga jama'a sun fara kiran sunan a kasuwa, ranar ce ya kamata a nemi ƙwararre a kan mallakar fasaha a ajiye takarda. Bayan haka a rubuta ƴar sanarwa mai sauƙi da ke faɗa wa jama'a yadda za su yi amfani da sunan: wanda ya raba manhajar yadda take ya kira ta da sunanta, wanda ya yi mata babban gyara ya nemi nasa.

Na biyar, in duk da haka wasiƙar lauya ta iso, kada a yi zagi a intanet kuma kada a yi shiru. A nemi shawara, a auna ƙarfi. In sauyi ya zama dole, gara tun aikin yana ƙarami, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Andrew Tridgell na Ostareliya, da aka shaida masa wajen 1994 cewa sunan smbserver na wani kamfani ne, bai tsaya jayayya ba. Ya sa kwamfuta ta binciko masa kalmomin ƙamus masu ɗauke da haruffan s, m da b a jere, ya zaɓi Samba. Yau fiye da shekara talatin ke nan sunan yana aiki.

Shi kuwa ƙanen nawa, bayan mun gama wannan hira ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai koma ya tara abokansa. Na ba shi shawara su rubuta suna goma, su ba kansu kwana bakwai kamar yadda ake yi wa jariri, kowace rana su soke wanda bincike ya kayar, wanda ya rage ran bakwai shi ne nasu. Goro da rago dai na yafe musu, amma binciken ban yafe ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.